Babi na Biyar: Kwali Mai Ciki da Waje

Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yawuri, suka tafi da ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin 'yan matan ba su sake ganin gida ba sai a 2023. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka maimaita a makarantar 'yan mata ta Maga, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka yi gaba da ɗalibai 25. Garuruwan biyu suna kudancin jihar Kebbi, tafiya ce mai nisa daga kwarin Rima. Sai dai labari ba ya biyan kuɗin mota. Yarinyar da ke makarantar kwana a Birnin Kebbi ko Argungu ta ji shi tun kafin a gama tattara bayani, ko a waya ko a bakin masu dafa abinci. Ta kuma ji na garin Mera, nan Augie kusa da Argungu, inda 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutane a Nuwamban 2024. Hukuma ta ƙirga waɗanda aka sace, ta ƙirga waɗanda suka dawo. Waɗanda ba a taɓa ba amma barci ya ƙaurace wa idonsu, su babu mai riƙe da rajistarsu.

Tsoron bindiga yana da ƙara, shi ya sa kowa ke jin sa. Akwai damuwar da ba ta da ƙara ko kaɗan. Ga yaron da ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar ubansa a fadama, ya ga babban mutum ya zauna a zaure ya kasa haɗiye tuwo. Ga yarinyar da aka saki uwarta, ita kuma aka bar ta a hannun kishiyar uwa. Wani siniyoyi sun mayar da shi ɗan aikensu a ɗakin kwana, wata an ɗauki hotonta an watsa a WhatsApp ana dariya, wata kuwa ta jiyo ana zancen aurenta ta bayan labule tana aji uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar damuwa ko ta ƙwaƙwalwa. Ka tare ɗaya daga cikinsu a bakin aji ka ce, "Lafiya na gan ka haka?" Amsar ka san ta tun kafin ya buɗe baki: "Lahiya lau, Malam. Ba komi."

Masu kawo bita daga manyan birane sukan ɗauki wannan amsa a matsayin cuta, su ce maganinta a tara yara a sa su amayar da abin da ke cikinsu. Ni dai ban bi su duka ba. Yaron da ya tashi a gidan yawa ya san cewa maganar da ya faɗa da hantsi tana iya dawo masa da la'asar ta zama bulala, ko ta zama habaici a bakin rijiya. An raine shi da kunya da kara, a ƙasar Gwandu kuma har da fulako, an koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Zurfin cikin nan ya tsare mutane da yawa daga tonon silili, ya riƙe auren da zai mutu, ya hana husuma tsakanin 'yan uba. Duk malamin da ya shigo aji da niyyar ƙwace shi daga hannun yaro, to ya fara tambayar kansa abin da zai ba shi a madadinsa.

Matsalar tana wani wuri. Yaran namu kariya guda suka sani, ita suke sawa dare da rana, a gaban maƙiyi da masoyi. Mutanen wannan kwari kuwa sun san sha'anin kariya fiye da haka. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, ya ga masu da takubba da kwari da baka da layu, kayan Kabawan da suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna tsare kansu daga Sakkwato da Gwandu. Daga cikin kayan yaƙin ƙasar Hausa na wancan zamani akwai lifidi, wanda har yau ake ganinsa a hawan salla: ƙyalle ne ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, a lulluɓe doki da mahayinsa, kibiya in ta zo sai ta maƙale. Yana ceton rai. Amma yana da nauyin da in ɗan lifida ya faɗo daga kan doki, tashi sai da taimako, ga zafi, ga shi kibiya mai wuta tana iya cinna masa. Shi ya sa ba a kwana da lifidi. Ana ɗaura shi in za a fita daga, a kwance shi in an komo gida. Abin da ya kamata makaranta ta koya wa yaro ke nan game da zuciyarsa: ya san yana sanye da wani abu, ya san nauyinsa, ya san a gaban wa zai iya kwance shi.

Wannan ba darasin da ake rubutawa a allo a ce a haddace ba ne. Hanya mafi arha da na sani ta shigar da shi aji ita ce aikin yanka-da-liƙe, wanda masu zane ke kira kolaj: a tsinto takardu da ƙyallaye da duk wani tarkace mara nauyi, a yanka ko a yaga, a jera a kan kwali, a liƙa. Ba baƙo ba ne a makarantunmu, domin yana cikin manhajar darasin al'adu da fasaha na ƙananan sakandare, wanda ɗalibai suka fi sani da CCA. Abin takaici, a wurare da yawa iyakarsa ma'ana da kayan aiki da amfani guda biyar, a kwafa a littafi, a fito da shi ranar jarrabawa, yaro ya gama aji uku hannunsa bai taɓa danƙo ba.

Littattafan tarihin zane suna cewa a birnin Faris aka fara shi a 1912, lokacin da Pablo Picasso da Georges Braque suka soma liƙa guntayen takarda da leda a jikin zanensu. A matsayin zanen da ake ratayewa a gidan kallo, haka ne. Amma baduku da ke yanka jar fata da koriya yana ɗorawa a kan tumtum ko kube bai jira Faris ba, haka ma uwar da ke haɗa guntayen atamfa ta fitar da zanen goyo. Shi kuwa El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka tun 1975, da marafan kwalabe da wayar tagulla ya haɗa manyan ayyukan da gidajen kallo na duniya ke rububi. Na kawo shi ne don kada wani malami ya ce rashin kuɗin fenti ne ya tura shi ga bola.

Me ya sa liƙe, ba zane da fensir ba? Ka raba wa 'yan aji biyu farar takarda ka ce kowa ya zana abin da ke damunsa. Rabi za su ce ba su iya zane ba, kuma gaskiya suka faɗa. Sauran za su zana gida da bishiya da tutar Najeriya, abin da suka san ba a dukan mutum a kansa. Farar takarda tana da kwarjini. Tulin tarkace kuwa ba shi da shi, hannu ne ke kaiwa ga abin da ido ya so tun kafin tunani ya tsoma baki. Wata mai jinya da zane a Amurka, Helen Landgarten, ta fitar da littafi guda a 1993 kan amfani da hotunan mujallu ta wannan hanya, kuma cikin dalilanta akwai wannan: wanda ke jin kunyar zanensa ba ya jin kunyar zaɓen hoto. Sannan kafin a shafa danƙo, ana iya matsar da guntu nan a mayar da shi can, a cire, a sake shawara. Ana iya rufe wani abu da wani, ya zama yana nan amma ba a ganinsa. Fensir ba ya ba da wannan dama cikin sauƙi. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu musamman. Iyaye da malaman addini da yawa ba sa son yaransu su zana mai rai, kuma ba aikin malamin zane ba ne ya buɗe wannan muhawara a ajinsa. Da launi da kaushi da santsi da yadda aka yaga takarda, yaro na iya faɗin abu mai yawa ba tare da ya fitar da fuska ko ɗaya ba.

Misali mafi nauyi da tarihi ya ajiye mana ya fito ne daga wurin da ya fi kowane muni. A Disambar 1942 'yan Nazi suka kai wata mai zane Bayahudiya, Friedl Dicker-Brandeis, sansanin Terezin da ke ƙasar Cek ta yanzu. Cikin ɗan kayan da aka yarje mata ta ɗauka, ta cika wuri da kayan zane. A can ta riƙa tara yara a ɗakunan kwanansu tana koya musu zane da yanka-da-liƙe, da tsofaffin fom na ofis da takardun naɗe kaya da duk abin da aka tsinta, tana sa su rubuta sunansu a jikin aikin. A Oktobar 1944 aka tura ta Auschwitz aka kashe ta, haka aka yi da mafi yawan yaran. Kafin tafiyarta ta ɓoye akwati biyu cike da ayyukansu, sama da 4,000, suna nan a gidan tarihin Yahudawa da ke birnin Prague. Ɗaya daga cikin ɗalibanta na kafin yaƙi, Edith Kramer, ta zama cikin waɗanda suka kafa fannin jinya da zane a Amurka. Labarin yana da fuska biyu, kuma duka biyun muna bukatarsu. Takarda ta ba wa yaran wani ɗan fili da yake nasu a inda aka ƙwace musu komai. Takarda kuma ba ta tare ko mutum ɗaya daga jirgin Auschwitz ba. Duk wanda zai kawo wannan darasi makarantun Kebbi kada ya bari a mayar da shi madadin katanga da masu gadi da gwamnatin da ke sauke nauyinta.

Kayan aikin duk suna cikin gari. Kwali daga masu shago, na sabulu ko na taliya, a yanka shi daidai faɗin littafin rubutu sau biyu. Guntayen ƙyalle daga ƙarƙashin keken tela, waɗanda dama shara ce a wurinsa. Takardar buhun siminti, yagaggen buhun shinkafa, ƙaiƙayi daga injin casa, takardar alawa, tsofaffin katin waya, kaba, zare, yashin gulbi, a Argungu har da guntun tsohuwar homa da ta gama kamun kifinta. Danƙo kuwa, a jiƙa ƙaro tun dare kamar yadda almajirai ke yi in za a haɗa tawada, ko a dama sitacin rogo da ruwan zafi har ya yi yauƙi. Sitaci ya fi riƙe ƙyalle, amma ba ya kwana biyu bai yi tsami ba, kuma kyankyasai da gara suna sonsa, don haka a dama na yini ɗaya kawai. Da hunturu yana bushewa kafin yaro ya gama shawara, sai a zuba shi kaɗan-kaɗan a marafan gwangwani. Almakashi uku sun ishi aji, don yaga da hannu ta fi yanka faɗin abin da ke rai. Reza kuwa kada ta shigo, ko da wasa.

Akwai aikin da malami zai yi shi kaɗai kafin yara su zo, kuma shi ne wanda baƙo zai manta. Ya zauna ya tantance takardun ɗaya bayan ɗaya. Jaridunmu na Hausa da kalandu da tsofaffin littattafai cike suke da ayoyi da hadisai da sunan Allah. Guntu ɗaya mai ɗauke da aya da aka yaga aka taka a ƙasan aji ya isa ya rufe darasin har abada, kuma iyayen da suka fusata suna da gaskiya. Ya kuma cire duk takardar da ke da sunan wani, kamar katin asibiti ko takardar sakamako, da fastocin 'yan siyasa, in ba so yake aikin ya koma zolaya ba.

Bari mu shiga aji. A ce ajin 'yan mata ne na ƙaramar sakandare, bayan an dawo daga hutun tara, an baje tarkacen a kan tabarmi biyu a gaba. Malama ta raba kwalaye ta ce kowa ta ninka nata biyu kamar bangon littafi.

"A waje, ku liƙa yadda mutane ke ganinku. A ciki, ku liƙa yadda kuke in ba kowa. Na ciki naku ne. Ba mai buɗe shi, ko ni."

"Malama, mi za mu liƙa?"

"Abin da kunka ga dama, ɗiyata."

Minti goma na farko hayaniya ce da wawason takardar alawa mai ƙyalli. Daga nan ajin yakan yi tsit da kansa, irin shirun da bulala ba ta samarwa. Dubi wata a layi na uku. Bangon waje ta gama shi da wuri: atamfa mai furanni, an yanke gefenta tsaf, an zagaye da zare ja. Na cikin ne ya ci lokacinta. Ta yaga takardar siminti ta shimfiɗa, ta shafa sitaci ta barbaɗa ƙaiƙayi har ya yi kaushi, ta gitta baƙar leda daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan ta koma tabarma ta daɗe tana tono har ta samo ɗan guntun farin leshi da bai fi kan yatsa biyu ba. Ta liƙa shi a lungu, ta yanko kwali ƙarami ta yi masa marfi mai buɗewa. Malama ta zo wucewa, yarinyar ba ta rufe ba, wato ta yarda a gani.

"Na ga kin sa ma wanga marhi."

"I, Malama."

"Akwai wanda kike so shi gani?"

"Innata. In ta komo."

Malama ta gyaɗa kai ta wuce. Ba ta tambayi ina innar ta tafi ba, ko yaji ne ko saki ko asibiti. Nan ne gwanintar take, kuma nan ne mafi yawanmu za mu faɗi, don bakin malami ya saba da tambaya. Yarinyar ta riga ta yi abin da aka zo koya mata. Ta ware abin nunawa da abin ɓoyewa, ta ambaci mutum guda da ta amince wa, ta kuma gwada ta ga cewa ana iya nuna wa babba gefen abu ba tare da ya fizge sauran ba. In tana da abin faɗa, yanzu ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, ko bayan mako ne ko bayan zango.

A ajin maza za ka samu wanda ya jera katin waya a bangon waje kamar tubali, babu ko kafa, ciki kuwa fayau. "Ba komi ciki, Malam." A karɓa a yi masa godiya. Wataƙila bai yarda da malamin ba tukuna, kuma yana da 'yancin haka. Wataƙila na kusa da shi ne ke leƙe. Shi ya sa zaman yake da muhimmanci: a bar mai son juya baya ya juya, mai son komawa gindin bishiya ya koma.

A mako na gaba ana iya ɗaga darasin sama kaɗan. A ce kowa ya liƙa abubuwan da ke tsare shi in ransa ya ɓaci, kowanne da irin kayan da ya dace da shi. Wani zai sa yashi ya ce shiru ne, wani auduga ya ce kakarsa ce, wani farar takarda ya ce alwala da salla, wani ƙaya ya ce faɗa. Ba a ce wa kowa nasa ba daidai ba ne. Tambaya biyu kawai ake rubutawa a allo, kowa ya amsa a ransa: wanne ne ke tsare ni ya bar ni da sauƙi, wanne ne ke tsare ni amma ya bar ni da gajiya? Yaron da ya gano da kansa cewa faɗan da yake yi yana korar masu tsokana amma yana korar abokai tare da su, ya fi wanda aka yi wa wa'azin sa'a guda a asambuli nisa. A nan ne kuma ake shigo da maganar iyaka ba tare da an kira ta da babban suna ba: wa ya cancanci ya ji sirrinka, me za ka ce wa siniyan da ya wuce gona da iri, wane saƙo ne a waya bai cancanci amsa ba, wane babba za ka nufa in wani babban ne matsalar.

Hatsarin wannan darasi malami ne. Akwai mai fassara, wanda ya ga baƙar leda ya yanke hukuncin baƙin ciki, ya ga ja ya ce jini, alhali yarinyar ledar ce ta rage mata a tabarma, jan kuma launin kayan sallarta ne. Kwali ba faifan duba ba ne, mai shi kaɗai ya san abin da ya sa. Akwai mai son a gani, wanda zai kafe ayyukan a bango ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata, ya buɗe cikin da ya yi alkawarin ba zai buɗe ba. Akwai mai kai labari ɗakin malamai, a yi hira da shi ana shan shayi, kafin azahar yarinyar ta ji sirrinta a bakin wata malama. Wanda ya san yana da ɗaya daga cikin halayen nan gara ya tsaya ga koyar da ma'ana da amfani guda biyar, ɓarnarsa ta fi sauƙi. Sannan kada a taɓa cewa yara su liƙa ranar harin ko ranar ambaliyar. Tono irin wannan a gaban aji, babu wanda ya san yadda ake rufewa, yana iya mayar da yaro cikin firgicin da ya fara fita.

Alkawarin sirri shi ma yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta tun ranar farko: abin da ke cikin kwali naka ne, amma in ka gaya mini wani yana cutar da kai, ko kana tunanin cutar da kanka, dole in nemo mana mai taimako, kuma kai zan fara gaya wa kafin kowa. Yaro ya fi yarda da wanda ya faɗa masa iyakar tun farko. In irin haka ta taso, aikin ya wuce na malamin zane. Yaron da ya daina cin abinci, ko yake firgita cikin dare makonni a jere, ko ya fara yankar jikinsa, likita yake bukata, ko a Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Iyaye da yawa za su fara da ruƙiyya da addu'a, kuma babu dalilin yin jayayya da su a kan haka, sai dai a roƙe su su haɗa da asibiti. Tun Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ɗauki mai larura kamar abin kullewa. Doka ta canza a takarda, amma har yanzu kalmar Kware a bakin yara zagi ce, don haka malami ya san yadda zai furta ta da kuma a gaban wa.

In da za a nemi shawarata kan inda za a fara, da na ce Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, inda ake yaye da yawa daga cikin malaman da za su tsaya a gaban waɗannan azuzuwa. Kuma kada a fara da koya musu yadda ake koyarwa. A ba kowane ɗalibin malanta kwalinsa ya ninka, ya zauna da sitaci a yatsu, ya ji yadda gabansa zai faɗi in malaminsa ya tsaya a kansa yana kallo. Malaman ma ai suna da nasu cikin, ga albashin da ba ya kai wata, ga su su ne ke kwana a harabar makarantun da ake tsoro. Wanda ya taɓa rufe kwalinsa da sauri don wani ya matso, da wuya ya miƙa hannu ya buɗe na yaro.

Saura maganar maki, don shugaban makaranta zai tambaya, kuma takardar sakamako ba ta karɓar gurbi. A ba da maki a kan bangon waje kaɗai: tsabtar aiki, yadda aka haɗa launi, ko liƙin ya kama, ko an gama a kan lokaci. Ciki ba ya shiga lissafi. In zango ya ƙare, kowa ya zaɓi makomar kwalinsa. A makarantar kwana ana binciken akwatuna, a gida kuma akwai ƙanne da kishiyoyin uwa masu hannun bincike, don haka mai son ya bar nasa wurin malami sai a sa masa lamba maimakon suna, a ajiye a kabad mai makulli, da damina a ɗaga shi daga ƙasa saboda laima. Mai son tafiya da nasa ya ɗinke bakinsa da zare ya tafi da shi. Wanda ya ce shi yaga nasa zai yi, a nuna masa kwandon shara, makinsa na nan yadda aka rubuta.